Tsohuwar Handycam da kaset-kaset ɗin Baba: abin da na gani bayan wata biyu

Bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, muka buɗe akwatin ƙarfensa a gidanmu na Aboabo, a Kumasi ta Gana, muka tarar da ƙananan kaset ɗin bidiyo goma sha huɗu: tara Hi8, uku Video8, biyu MiniDV waɗanda kawunmu ya aiko daga Amurka. Mma ta ce abu ɗaya take so, ta sake ganin bikin Yaya na 1998 tun idonta yana gani.

Da farko wani shago na kai su a Adum, inda ake juye kaset zuwa filas. Da na kunna abin da suka ba ni, sai da na yi shiru. Hoton dare ya yi sumul, gaskiya ne, amma fuskokin mutane sun narke kamar an shafe su da man kaɗe. Ba ka bambance kakata da maƙwabciyarta. Na koma na tambayi mai shagon, ya ce, "Yayana, kaset ɗin ne ya tsufa, hoton duk yashi ne, shi ya sa na goge maka." Ban yarda ba. Shi ne na nemi tsohuwar kyamara ta hannu na saya, Handycam ta Sony mai lamba DCR-TRV340E, don in yi aikin da kaina.

Dalilin zaɓenta shi ne Digital8 ce, tsarin da Sony ya fito da shi a 1999, kuma tana karanta Video8 na 1985 da Hi8 na 1989, don faɗin zarensu ɗaya ne, milimita 8. A kula, ba kowace Digital8 ce ke karanta tsofaffin ba, sai an tambaya kafin a biya. Harafin E na ƙarshen sunan ma yana da amfani: alamar PAL ce, tsarin talabijin ɗin da Gana ke kai, ba NTSC na Amurka ba. Kyamarar da kanta take mayar da hoton na dijital ta tura shi kwamfuta ta wayar FireWire, wadda Sony ke kira i.LINK. Kwamfutocin yanzu ba su da wannan kafa, sai da na aro tsohuwar kwamfutar tebur a wurin wani aboki a Asawase. Awa ɗaya tana cin kusan gigabait 13, kuma babu gaggawa: kaset na awa ɗaya, zaman awa ɗaya.

Hoton rana ya burge ni ƙwarai. A kaset ɗin Sallah, wanda Hi8 ne, har aikin aska na babbar rigar Baba ana gani zare-zare. Na Video8 bai kai haka ba, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda shi layin hotonsa wajen 240 ne, Hi8 kuwa wajen 400.

Amma da na sa kaset ɗin daren ƙunshin Yaya, yashin nan yana nan. Ɗigo-ɗigo ja da shuɗi suna rawa a kan bango, a kan mayafai, a duk inda duhu yake, kamar an watsa tsaki a faifai. Kwana biyu ina zargin kyamarar da na saya. Sai na lura da wani abu: a kaset guda, a dare guda, da zarar wani ya matso da fitilar ƙwai kusa da fuskar amarya, yashin sai ya ragu, fuskar ta fito. Ya janye fitilar, ya dawo. In tsufan kaset ne, me zai sa ya bi fitila?

Mma ce ta tuna mini cewa a shekarar ruwan madatsar Akosombo, mai ba da wutar lantarki, ya yi ƙasa, ana rabon wuta unguwa-unguwa, kuma daren nan babu wuta a Aboabo. Nan na gane bakin zaren. Abin da ke karɓar haske a cikin irin waɗannan kyamarori, wato CCD, ɗan mitsitsi ne, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. In haske ya yi kaɗan, kyamara da kanta take ƙara wa ɗan abin da ta samu ƙarfi, sai ta ƙara har da hayaniyar lantarkin cikinta. Kamar rediyo ne in tasha ba ta kamawa sosai: ka ƙure murya, maganar ta ƙaru, shuuu ɗin ma ya ƙaru. Ashe tun daren da aka ɗauka yashin ya shiga kaset, tare da fuskokin, a haɗe. Shi ya sa wanda ya matsa wa yashin da gogewa yake tafiya da gira da zanen lalle.

Kuma ba maganar Hi8 ko Video8 ba ce. Kaset ɗin kawu MiniDV ne, tsarin 1995, dijital tun asali, layinsa wajen 500. Ba sa shiga tawa kyamarar saboda zarensu ya fi siriri, ga su kuma NTSC, sai a kyamarar wani ɗan'uwa muka kalle su. Walimar da aka ɗauka a wani ɗaki mai ƙarancin haske, yashinta bai bambanta da namu ba sosai.

Laifin da tsufa ya yi daban ne, kuma ana gane shi. Damshin Kumasi ya sa kaset biyu sun yi farar funfuna a gefen zare. Waɗannan ban sa su a kyamara ba, don suna iya toshe kan da ke karantawa. Wani kuma da aka ɗauka a LP, wato zaren na tafiya a hankali don a tsawaita lokaci, yana tsalle jefi-jefi, murya na yankewa. Batirin da kyamarar ta zo da shi ya mutu saboda shekaru, a jikin wuta nake aiki da ita.

Ga mai tarin kaset na milimita 8 a gida, ina ganin kuɗin da na kashe bai tafi a banza ba, in dai zai samu FireWire da haƙurin zama. Wanda kaset ɗaya ko biyu gare shi, ya kai shago, amma ya ce a ba shi hoton yadda ya fito, kada a goge komai, kuma ya karɓi kaset ɗinsa ya adana a inda babu damshi.

Ranar Juma'a bayan la'asar na kunna wa Mma nawa juyin, da yashinsa da komai. Tana ganin wata tsohuwa a gefen tabarma ta miƙa hannu ta ce, "Tsaya, ɗan nan, mayar baya. Wannan ai Inna ce." Sau uku na mayar mata da wurin.