Kalkuletar kimiyya daga babbar kasuwar Maraɗi: na gwada ta da lissafin gudun kuɓuta

A farkon zangon karatu na sayi kalkuletar kimiyya a wani shagon kayan makaranta da ke babbar kasuwar Maraɗi, jika bakwai bayan ɗan ciniki, domin wadda nake koyar da fizik da ita a ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, ta riga ta gaji. Mai shagon ya ce mini, "Malam, wannan har sauya ma'auni take yi da kanta," kuma wannan magana ce ta sa na fi son ta a kan sauran. Na shafe wata uku ina aiki da ita, amma darasin da ya nuna mini ainihin halinta shi ne na gudun kuɓuta, wato saurin da dole ne abin da aka harba ya samu tun daga farko idan ana so ya kuɓuce wa jan duniya ba tare da wani inji ya ci gaba da tura shi ba.

Ta fannin lissafin kansa ba ni da abin cewa sai yabo. Na ninka 9.81, lambar da ke nuna ƙarfin jan duniya a doronta, sau biyu, na ninka sakamakon da nisan da ke tsakanin tsakiyar duniya da doronta, mita 6,371,000, sannan na nemi tushensa, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da shi, sai ta ba ni mita 11,180 a sakan, wato kimanin kilomita 11.2, kuma duka lissafin yana fitowa a allonta kamar yadda ake rubuta shi a takarda. Sai dai kilomita a sakan ba ma'aunin da ɗalibi ya saba gani ba ne, abin da ya sani shi ne kilomita a awa da ke jikin agogon mota. Tunda awa ɗaya sakan 3,600 ce, gudun ya kama kilomita 40,320 a awa, wanda ke nufin cewa tafiyar Maraɗi zuwa Yamai, kimanin kilomita 660 da mota ke cinye wuni a kai, za ta ƙare a cikin minti ɗaya.

A nan ne alƙawarin mai shago ya zo da tangarɗa. Na'urar tana sauya mita a sakan zuwa kilomita a awa, amma ba ta da kilomita a sakan, alhali da shi ne littattafai ke ba da irin wannan gudu. Wata ɗaliba mai ƙwazo ta danna 11.2 kai tsaye a wannan gurbi, allon ya nuna mata 40.32, ta kwafe a littafinta hankali kwance. Abin da ya ƙara rufe kuskuren shi ne cewa yaranmu, bisa tsarin Faransanci, da waƙafi suke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, ita kuwa na'urar da ɗigo take rabawa, saboda haka aka ɗauki ɗigon a matsayin mai raba dubbai, 40.32 ya yi kama da amsar da ake jira har ba wanda ya ɗaga gira. Na tambaye ta ko ta yarda cewa ɗan kabu-kabu zai iya barin duniya a kan babur ɗinsa, domin gudun da ta rubuta bai wuce nasa ba. Ajin ya fashe da dariya, ita kuma ta ce, "Malam, ai inji ne ya faɗa." Tun daga ranar na wajabta a fara mayar da kilomita mita kafin a taɓa wannan maɓalli, ko kuma a ninka da 3,600 kawai.

Da aka kiyaye wannan, aikin ya tafi sumul. Gudun kuɓuta daga Wata, kilomita 2.38 a sakan, ya zama kimanin 8,570 a awa, na Jupita kuwa, 59.5, ya haura 214,000. Mun kuma gwada na kumbon New Horizons, wanda ya bar duniya a 2006 da kilomita 16.26 a sakan, muka samu kimanin 58,500 a awa. Gurbin sauya mil zuwa kilomita ya yi mana rana sosai, domin littattafan Turanci da wasu ɗalibai ke samowa daga Katsina sukan ce mil 25,000 a awa, kuma da dannawa ɗaya aka ga kusan gudu ɗaya ne da namu.

Jikinta yana da ƙwari, tana aiki da hasken rana da kuma batir, ƙurar hunturu ma ba ta maƙale maɓallanta ba kawo yanzu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne jerin lambobin sauya ma'auni da aka buga a cikin murfi da rubutu mitsi-mitsi, ga takardar bayani da Turanci zalla a garin da ake karatu da Faransanci.

Ga ɗalibin da ke shirin jarrabawar bak, ta kammala lise, a fannin kimiyya, kuɗinta bai tafi a banza ba, kuma zan sake sayen irinta. Tawa dai yanzu tana ɗauke da ɗan guntun takarda da na liƙa a bayanta da salatif, an rubuta 3,600 da jan biro.