Jirgin yaƙin 1945 na tashi, injin wankina kuwa ya kwanta

Yaya salamu alaikum, ya gida ya su Umma, a gaishe min da kowa. Ka ce in ba ka labarin ingancin kayan Ingila, to bari ka ji na ranar Asabar.

Ina shanya a bayan gida nan garin Linkon sai na ji wani irin ruri a sama, mai kauri, har a ƙirji nake jinsa, kafin in ɗaga kai maƙwabcina wani dattijon bature ya fito ko takalmi babu yana nuna sama yana cewa Lancaster ce! Jirgi ne baƙi ta ƙasa, farfela huɗu, wutsiya biyu, yana tafiya a hankali abinsa kamar tsohon da ba mai jiransa.

Wai ashe jirgin jefa bama-bamai ne na yaƙin Hitila, a 1945 aka ƙera shi. Guda 7,377 aka yi irinsa, yau biyu kacal ke iya tashi a duk duniya, wannan da yake sansanin sojan sama na Coningsby kusa da mu, sai ɗaya a Hamilton can Kanada. Injinansa Merlin ne na Rolls-Royce, kuma dattijon ya ce duk abin da aka kwance ko aka ɗaure a jikinsa sai an rubuta an sa hannu, in sanyi ya shigo a shigar da shi rumfa a bi shi gaɓa-gaɓa. Ni ma na ba shi namu, na ce a yaƙin nan jiragensu daga Takoradi can Ghana ta Kano da Maiduguri suke bi su sha mai kafin su wuce Masar, wallahi bai taɓa ji ba.

To amma Yaya kar ka ɗauka komai haka suke riƙe shi. Ka san me ya sa nake wanki da hannu ranar? Injin wankina ne ya tsaya, shekararsa huɗu kawai. Na kira mai gyara ya ce sai bayan kwana tara, kuma fam 70 kuɗin zuwa ne tun bai taɓa komai ba, da ya zo ya leƙa minti biyar ya ce gara in sayi sabo. Da a gida ne yaron nan na bakin layinmu zai shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ya samo na hannu ya ɗaura kafin la'asar, kamar yadda ake lallaɓa Fijo 504 ɗin Kawu har yau tana zuwa ƙauye. Nan kayan da sauƙi, hannun mutum ne da tsada.

Sabon injin sai ƙarshen wata in albashi ya shigo. Hoton jirgin bai fito sosai ba don hannuna da kumfa, amma zan tura maka ta WhatsApp ka nuna wa Kawu.