Acyclovir da ciwon ananse: ƙwaya 35 cikin kwana bakwai

Kwana uku bayan ƙaramar Sallah na fara jin wani zafi a haƙarƙarina na hagu, kamar an ɗora mini dutsen guga ta cikin riga. Na ɗauka gajiya ce. Duk telan da ke unguwar Aboabo a Kumasi ya san yadda goman ƙarshe na azumi take: a sha ruwa a kan keke, a yi sahur a kan keke, masu kaya suna tsaye a ƙofa kowa da fuskarsa. Shekarata 56, amma a bana na yi aiki kamar ɗan ashirin, don yarana biyu sun tafi gida Bawku.

Washegari sai ga ƙuraje ƙanana masu ruwa sun fito a jere, daga tsakiyar baya suka zagayo zuwa ƙarƙashin nono, a gefe ɗaya tak, kamar wanda aka auna da tef. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Ba'asantiya, tana leƙawa ta dafe kai ta ce ananse ne, sunan da Asante ke kiran wannan ciwo, kuma in ƙurajen suka zagaye jiki har kai da wutsiya suka haɗu, sai dai haƙuri. Uwargida ta ji wannan, abinci ma ya gagare ta.

Kuskuren farko nawa ne. Na aika almajirina wani ƙaramin kantin magani a unguwa, mai kantin bai ga jikina ba, ya ba da acyclovir na shafawa, ɗan mitsitsin bututu. Na yini ina shafawa. Wannan man an yi shi ne don ƙurajen da ke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi. Ga ananse kuwa, kamar a kashe gobarar kasuwar Kejetia da butar alwala ne. Kwana ɗaya ya tafi a banza, kuma daga baya na gane cewa kwanakin nan ƙidayayyu ne: ana so a fara shan ƙwayar acyclovir cikin awa 72 da fitowar ƙurajen. Ni na shiga da ƙyar, a rana ta uku.

Likitan da ya duba ni bai ɗauki minti biyu ba ya gane shi. Ya tambaye ni ko na yi ƙarambau ina yaro. Na ce ƙwarai, har da tabo a goshi. Ya ce to shi ne ya dawo, bai taɓa barin jikina ba. Ya rubuta acyclovir mai nauyin miligiram 800, sau biyar a rana, kwana bakwai. Sannan ya ce a gwada sukari da ƙanjamau. Nan raina ya ɗan sosu, ban ɓoye ba, amma ya ce, "Alhaji, ba zargi ba ne. In wannan ciwo ya tashi, muna so mu san me ya sa masu gadin jiki suka yi gyangyaɗi." Ƙanjamau babu. Sukari kuwa ya ɗan hau, abin da ban sani ba sai ranar.

Yanzu ga maganin kansa. Ƙwayar ƙatuwa ce, sai da ruwa mai yawa take wucewa. Sau biyar ɗin nan shi ne babbar wahalarsa. Da na ji biyar sai na yi murna, na ce ai shi ke nan, kowace salla ƙwaya ɗaya. Mai harhaɗa maganin, wata yarinya sa'ar 'yata, ta yi dariya ta ce, "A'a Baba, tsakanin Asuba da Azahar ya yi nisa, Magariba da Isha kuma sun yi kusa." Ta rubuta mini a bayan kwali: 7, 11, 3, 7, 11, wato kowace awa huɗu, a huta da tsakar dare. Dalili shi ne kaɗan daga cikin ƙwayar ke shiga jini, kuma ƙoda tana saurin fitar da shi. Ta kuma ja mini kunne a kan shan ruwa, don in jiki ya bushe maganin yakan wahalar da ƙoda. Na ajiye jakar fiya wata a gefen gado. Kwana biyun farko na yi fama da tashin zuciya da ɗan ciwon kai, daga baya suka lafa. Na 11 na dare sau biyu barci ya kusa cinye shi, uwargida ce ta tashe ni.

Ya yi aiki? Ya yi. A rana ta uku sababbin ƙuraje suka daina fitowa, tsofaffin suka fara bushewa, kafin mako biyu duk sun yi ɓawo. Kai da wutsiya ba su haɗu ba, kuma da ma ba za su haɗu ba, domin ciwon jijiya ɗaya yake bi, ita kuma jijiyar a tsakiyar ƙirji take tsayawa. Na gaya wa maƙwabciyarmu haka, ta ce dai addu'arta ce. Ban yi musu ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar likita cewa abin yana jikina tun ina yaro. Shekara hamsin, a ina yake zaune? Autata, wadda nake kira Uwata don sunan mahaifiyata gare ta, tana karatun kimiyyar halittu a Tek, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi. Ta zo duba ni ranar Asabar, na jefa mata tambayar. Sai ta miƙa hannu kan keken ɗinkina ta ɗauko kwarkwaro.

Ta ce, "Baba, zaren da ke naɗe tam a nan, zai yi ɗinki in ba a warware shi ba?" Na ce ina fa. Ta ce haka bairos ɗin yake, wato ƙwayar cutar da ke kawo ƙarambau. Bayan ƙarambau ya warke, yakan bi jijiya ya koma wasu ƙulle-ƙullen jijiyoyi da ke gefen laka, ya ajiye zaren DNA ɗinsa a cikin ƙwayar halittar mutum. Ita kuma ƙwayar sai ta naɗe zaren a kan wasu furotin da ake kira histon, ta sa masa alamomin da ke cewa kada a karanta nan. Rubutun da ke jikin zaren bai canza ba ko harafi ɗaya, an dai hana buɗe shi. Wannan fannin shi suke kira efijenetik. Ga kuma ƙwayoyin garkuwar jiki, waɗanda ake kira T, suna sintiri. In shekaru suka ja, ko ciwo ko wani magani ya raunana su, naɗin ya sassauta, sai keke ya tashi.

Daga nan ne na fahimci iyakar abin da na saya. Acyclovir ba ya komai sai bairos ɗin da kansa ya kunna shi da wani sinadarinsa, sannan ya shiga cikin sabon zaren da ake saƙawa ya tsinke shi. Wato mai ɗinki yake kamawa, ba mai barci ba. Wayo ne babba, kuma shi ya sa bai cika taɓa lafiyayyun ƙwayoyin jiki ba. Gertrude Elion, Ba'amurkiyar da ke cikin waɗanda suka yi aikin samar da maganin, ta sami kyautar Nobel a 1988. Amma duk wanda ya ce maka zai wanke maka jini daga ciwon gaba ɗaya, kuɗinka yake so.

Uwata ba ta tsaya nan ba, don in ta fara ba ta da birki. Ta ce bairos ɗina ɗan wani dangi ne da ake kira herpes, waɗanda ke kama mutum a cikinsu sun kai takwas, kuma wasunsu sun fi nawa rashin kunya, don a cikin masu gadin kansu suke ɓuya. Ɗaya daga cikinsu, Epstein-Barr, yana kwana a ƙwayoyin garkuwa na B, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na manya a duniya suna ɗauke da shi ba su sani ba. Ƙwayar halittar mutum takan manna wa zarensa alamar wani sinadari da ake kira metil don ta kulle shi, shi kuwa yana da wani furotin da ya fi son kama zaren da aka manna wa wannan alamar, sai makulli ya koma masa mabuɗi. An gano Epstein-Barr a Landan a 1964, a cikin ƙwayoyin wata kansa, wato cutar daji, da ke kumbura muƙamuƙin yara, wadda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, kuma tana yawa ne inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Da ta faɗi haka na tuna wani yaro a layinmu, muna ƙanana, da fuskarsa ta kumbura gefe guda aka ce jifa ne. Allah ya jiƙansa.

Inda maganin bai taimake ni ba shi ne zafin da ya biyo baya. Ƙuraje sun tafi, amma wajen ya ci gaba da raɗaɗi kusan wata biyu; ko shadda ta goge shi sai na ɗauke numfashi. Jijiyar ce ta ji rauni, kuma wannan ba aikin acyclovir ba ne. Sai da na koma aka ba ni amitriptyline, ƙarami, na sha da dare, shi ya ba ni barci, ko da yake yana busar da baki. Na so a ce tun ranar farko an gaya mini haka na iya faruwa, da ban zaci maganin jabu aka sayar mini ba.

Wani abu kuma da ya yi mini ciwo: jikata tana da wata biyu, aka hana ni ɗaukarta har sai da ƙurajen suka bushe, domin ruwansu yana iya sa wa wanda bai taɓa yi ba ƙarambau. Mai ciki ma haka.

In za a sake, Allah ya kiyaye, zan tambayi valaciclovir tun farko. Ɗan'uwansa ne, in ya shiga jiki acyclovir yake komawa, amma sau uku ake sha a rana. Kuɗinsa ya fi yawa sosai, shi ya sa ban saya ba a lokacin, ga aljihu bayan Sallah. Ga mai sana'a irina da ke mantuwa in ya duƙa kan aiki, bambancin uku da biyar ba ƙarami ba ne. Bututun man nan kuwa yana nan cikin akwatin maɓallai, rabinsa ko taɓawa ban yi ba.