Baffa, a dakata da sayar da filin: lissafi daga Washington

Assalamu alaikum, Baffa. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, da su Inna, da mutanen gida, da yaran shago. Saƙonka ya iso ni ta bakin Yaya, cewa kana shawarar sayar da filin nan na bayan gari a turo Auta Amurka ya fara digiri, kuma kana so in kawo maka farashin abubuwa dalla-dalla, kamar yadda kake karɓar lissafi a Kwari. To ga shi. Na rubuta a bainar jama'a ne da izininka, don na san iyaye da yawa suna kan irin wannan shawara.

Jami'ar da nake, Howard, an kafa ta a 1867, shekara biyu bayan yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta a ƙasar nan. Tana cikin makarantu kusan 100 da aka gina don baƙar fata a zamanin da yawancin jami'o'i suka rufe musu ƙofa, waɗanda ake kira HBCU. Kamala Harris a nan ta gama a 1986. Zik, wato Nnamdi Azikiwe, haifaffen Zungeru da ya tashi yana jin Hausa, ya zauna a azuzuwan nan kafin ya koma Lincoln ta jihar Pennsylvania, inda Nkrumah na Ghana ya shiga a 1935. Da wanke-wanke a gidajen abinci da aikin ƙarfi Zik ya riƙe kansa. An kusa shekara ɗari, amma har yau kuɗi ne ke kayar da ɗalibin Afirka a ƙasar nan, ba ƙwaƙwalwa ba.

Kuɗin makaranta kaɗai ga mai digirin farko ya haura dala 30,000 a shekara. In ka haɗa ɗaki da abinci da inshorar lafiya da littattafai, ya wuce 50,000. A canjin naira 1,500, miliyan 75 ke nan na shekara guda, kuma shekara huɗu ake yi. Makaranta ba za ta ba da takardar I-20, wadda da ita ake neman biza, ba sai ta ga shaidar kuɗin shekarar farko. Bayan nan akwai dala 350 na rajistar ɗaliban waje da ake kira SEVIS da dala 185 na biza, kuma in jami'in ofishin jakadanci ya ce a'a, kuɗin bizar sun tafi ke nan. Filin, in ya yi albarka, shekara ɗaya zai ɗauka. Tambayata ita ce wa zai ɗauki sauran ukun.

Na san abin da 'yan kai-da-kawo suke faɗa wa iyaye, wai yaro zai samu aiki ya riƙe kansa. Doka ta ba mai bizar ɗalibi awa 20 a mako lokacin karatu, kuma a cikin makaranta. Mafi ƙarancin albashi a Washington ya kai dala 17.50 a awa a Yulin 2024, yana cikin mafi tsoka a ƙasar. Wato dala 350 a mako kafin haraji. A naira abin sha'awa ne. Amma ɗakin da bai kai shagonka girma ba, a gidan da mutum uku ko huɗu ke raba kicin da banɗaki, ana biyansa wajen dala 1,000 duk wata. Ba shekara ba, Baffa, wata. Nan ba a biyan hayar shekara gaba ɗaya, amma ranar ɗaya ga wata ba ta san uzuri ba, kuma babu dattijon unguwa da zai je ya roƙi mai gida ya ƙara maka mako biyu. Wanda kuma ya saci jiki ya yi aiki a waje ba izini, in aka gano, karatun da zaman ƙasar duka yake asara.

Bari in zo kan kasuwa, tunda nan ne fagenka. Babu taya, babu "rage mini", babu gyara. Farashin da ke jikin kaya shi ne, sannan a wajen biya a ɗora harajin saye, kashi 6 cikin ɗari a Washington a 2024, kashi 10 in abincin gidan abinci ne. A gidan abinci kuma akwai ihsanin mai kawo faranti, kashi 18 zuwa 20, wanda sunansa kyauta amma kowa ya ɗauke shi tilas, don da shi ma'aikatan suke rayuwa. Shinkafa, kaza, madara da taliya suna da sauƙi in ka kwatanta da abin da mutum ke samu. Kayanmu ne tsada. Sai mun shiga jihar Maryland, wajen Hyattsville ko Silver Spring, shagunan 'yan Ghana da Yarabawa, mu samu manja, garin kwaki, kuka da daddawa, kuma doya ƙwaya ɗaya tana iya cin kuɗin da za a sayi guda da yawa a Dawanau. Naman halal akwai, a wajen mahauta 'yan Pakistan da Larabawa da Habashawa, sai dai da tafiya. Kilishi kuma kada kowa ya sa a jaka, jami'an kwastan ba sa barin nama ya shigo, kuma ɓoye shi tara ce.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne duk abin da inji ya yi yana da araha, duk abin da hannun mutum ya taɓa yana da tsada. Riga sabuwa za ka samu a dala 10, amma tela ya rage maka tsawon wando sai ya nemi fiye da haka. Aski dala 30 zuwa 40. Ba a gyaran fanka ko dutsen guga, jefarwa ake a sayi sabo. Ɗinkin babbar riga irin wanda telanka yake yi da aikin hannu, a nan sai mai hali. Rigar sanyina a shagon gwanjo na saya, kuma ragowar kayan irin waɗannan shagunan ne ake ɗaurewa dila-dila har su iso Ƙofar Wambai. Abu ɗaya da na yaba musu, kuma na so a ce 'yan kasuwarmu sun ɗauka, shi ne mayar da kaya. In kana da rasit, yawancin manyan shaguna za su karɓi kayansu cikin wata guda su ba ka kuɗinka ba tare da musu ba. Abin da suka rasa kuma shi ne amana irin taku. Kai kana ba mutum dilar atamfa ya tafi Agadez ko Maradi a kan magana. Nan sai kwamfuta ta duba tarihin bashinka ta ba ka maki, kuma baƙo ba shi da maki, don haka hayar ɗaki ma sai ya nemi wanda zai tsaya masa.

Sufuri ba laifi. Bas dala 2.25, jirgin ƙarƙashin ƙasa daga 2.25 zuwa 6.75 gwargwadon nisa, da kati ɗaya ake biya, kuma waya tana nuna maka minti nawa ya rage ya iso. Wuta da ruwa ba sa ɗaukewa, sai dai takardar biya tana zuwa, kuma a hunturu kuɗin ɗumama ɗaki yana ninka ta.

Asibiti ne abin tsoro. Kayan aiki da tsafta babu kamarsu, kuma in ka buga 911 motar asibiti za ta zo cikin mintuna. Daga baya takarda za ta biyo ka, ta motar daban, ta likita daban, ta gwaji daban. Inshora tilas ce ga ɗalibi, tana cin dubban daloli a shekara, duk da haka akwai kason da kai za ka biya kafin ta fara biya, kuma sau da yawa haƙori da ido ba sa ciki. Ba za ka shiga kemis ka ce a ba ka maganin kashe ƙwayoyin cuta ba sai da takardar likita. Maganin zazzaɓin cizon sauro ma ba kowane likita ya saba da shi ba.

To me mutum yake saye da wannan kuɗi duka? A nan zan tsaya, don abin yana da daraja ƙwarai, kuma ba na so lissafin sama ya rufe shi. Ranar da ka shiga aka ba ka kalanda, ranar da aka rubuta za a gama ita ce ranar. Ka tuna 2022, da yajin aikin ASUU ya zaunar da ɗalibai wata takwas a gida, bayan na 2020 da ya kusa cinye shekarar. Kowane malami yana ba da takardar abin da zai koyar mako-mako da yadda zai raba maki, yana kuma da awannin da ƙofar ofishinsa take buɗe ga kowane ɗalibi. Farfesa mai furfura zai zauna da kai ya bi rubutunka layi-layi, ya ce ka yi masa gardama in kana da hujja. Katin ɗalibi na Howard yana ba ni aron littafi daga jami'o'in Georgetown da George Washington da American, a kawo mini shi har ɗakin karatunmu. A ginin Founders akwai cibiyar Moorland-Spingarn, ɗaya daga cikin manyan rumbunan tarihin baƙar fata a duniya. Ɗakin karatun Majalisar Dokoki kyauta yake ba da katin shiga, kuma a can aka ajiye tarihin rayuwar Umar ibn Said, malami daga Futa Toro, a yankin Senegal, da aka sayar bawa, wanda ya rubuta da Larabci da hannunsa a 1831. Gidajen tarihin Smithsonian ba a biyan ko sisi, har da na tarihin baƙar fatar Amurka da aka buɗe a 2016. Juma'a kuma muna yi a Masjid Muhammad, nan kusa, masallacin da baƙaƙen Amurka suka gina da guminsu.

Akwai wani abu da ban zata ba. Mu muna fafutukar zuwa nan, su kuma 'yan ajinmu baƙaƙen Amurka suna fafutukar fita su ga duniya, Afirka musamman. Baƙar fata sun kai kusan kashi 13 cikin ɗari na ɗaliban jami'o'in ƙasar, amma a cikin masu zuwa wata ƙasa su yi zangon karatu ba su wuce wajen kashi 6 ba. Da yawa bashi suka ci suke karatu, suna aiki suna taimakon iyaye, wasu babu wanda ya taɓa yin fasfo a gidansu. Cibiyar Ralph Bunche da ke makarantarmu, mai sunan baƙar fatar da ya ci kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1950, aikinta ke nan, ta nemo musu hanya. Gwamnati tana da tallafin Gilman, har dala 5,000 ga ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi. Suna zuwa Ghana, Senegal, Afirka ta Kudu, su dawo suna ba da labarin kurkukun bayi na Cape Coast da Goree idonsu da ƙwalla. In na ba su labarin marinar Ƙofar Mata da hawan Daushe sai su ce yaushe za mu je, amma ma'aikatar harkokin wajensu ta sa Kano, Kaduna, Katsina, Sokoto, Zamfara da Borno cikin wuraren da ta ce kada a je, kuma makaranta ba ta tura ɗalibi irin wannan wuri. Wannan yana ci mini rai, don rashin tsaro ya hana mu baƙin da suke ƙaunarmu tun kafin su gan mu.

A lura, Gilman da Pell, wani tallafin gwamnati na ɗalibai marasa ƙarfi, na 'yan ƙasa ne, Auta ba zai samu ba. Ƙofofinmu daban suke, kuma yawancinsu a digiri na biyu da na uku suke buɗewa. Ta nan na shigo: sashe ya ɗauke ni ina taimaka wa malami da koyarwa da bincike, aka yafe kuɗin makaranta, ana ba ni alawus ɗin da ke biyan ɗaki da abinci in na tsuke hannu. A fannin kimiyya da injiniya wannan hanya ta fi faɗi. Akwai tallafin karatu na Fulbright, har da reshensa da ke ɗauko matasan malamai daga Najeriya su koyar da Hausa a jami'o'in nan na shekara guda. Akwai tallafin Mastercard Foundation, da Chevening da Commonwealth na Ingila, da DAAD na Jamus, inda yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, sai dai a nuna Yuro 11,904 na zaman shekara a asusu. A shekarar karatu ta 2023/2024 ɗaliban Najeriya a Amurka sun haura 20,000, mu ne na ɗaya a Afirka, amma 'yan Arewa a cikinsu sai ka yi da gaske kafin ka gamu da ɗaya. Ba ƙoƙari muka gaza ba, labarin hanyoyin ne ba ya isa gare mu da wuri.

Shawarata, Baffa, Allah ya ja kwana, ita ce Auta ya yi digirin farko a gida, ya dage ya fita da sakamako mai kyau, ya saba da malamai biyu ko uku da za su rubuta masa takardar shaida da sanin aikinsa. In kuma zuciyarsa ta kafe a kan fitowa yanzu, ya je ofishin EducationUSA a Abuja, suna ba da shawara, suna kuma da shirin da ke biya wa haziƙan yara marasa ƙarfi kuɗin jarrabawa da na neman gurbi. Kada a ba ɗan kai-da-kawo ko kwabo. Kuɗin da za a buƙata da gaske su ne na fasfo, jarrabawar Turanci, kuɗin cike takardar kowace makaranta da ke kamawa daga dala 50 zuwa 100, da tikiti, kuma wannan ribar shago za ta iya ɗauka ba a taɓa fili ba.

Ka ce masa ya turo mini hoton sakamakonsa na WAEC da JAMB, da abin da yake so ya karanta, mu zauna ta waya ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku mu fitar da makarantu. A gaida Inna, a gaida Hajiya Babba, a ce ina neman addu'a, jarrabawa ta matso. Wassalam.