Fim ɗin Macaulay ko na Guédelon: wanne za a haska wa ɗalibai kan gidajen kagara na Turai?

Malama, kin ce kina koyar da tarihin Turai na ƙarni na 12 da na 13, kin iso kan gidajen kagara, manyan gidajen dutsen nan da sarakuna da hakimansu suke ginawa don zama da kuma yaƙi. An ba ki sunan fina-finai biyu, lokacin darasi kuma ba zai ɗauke su duka ba. Ɗaya shi ne Castle na David Macaulay, wanda tashar PBS ta Amurka ta nuna a 1983. Ɗayan kuma Secrets of the Castle na BBC, na 2014. Shawarata ita ce ki haska na Macaulay daga farko har ƙarshe, sannan ki tsinto guntaye daga na BBC. Ba wai don na Macaulay ya fi kyau ba ne. A wurina na BBC ya fi shi daɗin kallo nesa ba kusa ba. Aikin da kowannensu zai yi miki a aji ne ya bambanta.

Macaulay mai zane ne da ya karanci ilimin tsara gine-gine, fim ɗin kuma daga littafinsa na 1977 aka ciro shi. Tsawonsa kusan awa ɗaya. Wani ɓangaren zane ne mai motsi, wani ɓangaren kuma shi da abokiyar gabatarwarsa ne suke zagaya kufan kagarun ƙasar Wales. Labarin da ke cikin zanen ƙirƙira ce: babu wata kagara mai suna Aberwyvern a duniya, babu wani hakimi Kevin le Strange. Amma an ɗora ƙirƙirar a kan abin da ya faru da gaske. Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya ci arewacin Wales da yaƙi a 1282 zuwa 1283, sai ya shiga kafa kagaru a bakin teku don ya danne ƙasar: Conwy, Caernarfon, Harlech, daga baya Beaumaris a 1295. Babban magininsa James na St George ne, mutumin Savoy, wani yanki a tsaunukan Alps. Irin waɗannan kagarun Macaulay ya dunƙule ya fitar da tasa.

Na BBC kashi biyar ne, kowane kashi kusan awa ɗaya, kuma babu zane a ciki. Ruth Goodman da Peter Ginn da Tom Pinfold suka je Guédelon a yankin Burgundy na Faransa, inda tun 1997 ake gina sabuwar kagara daga tushe da kayan aiki da dabarun ƙarni na 13. Michel Guyot ne ya kawo tunanin, Maryline Martin ta riƙe ragamar aikin, babban magini kuma Florian Renucci. Sun zaɓi wani tsohon wurin fasa dutse a tsakiyar daji, saboda dutse da itace da yashi da yumɓu da ruwa duk suna wuri ɗaya. Shekarar da suka fara sun ɗauke ta a matsayin 1228, zamanin Sarki Louis na Tara, salon ginin kuma irin wanda aka saba tun mulkin kakansa Philippe Auguste ne: katanga mai kusurwa huɗu, hasumiyoyi masu zagaye, ɗaya ta fi sauran girma.

A kan yadda ake ginin, ba ma a haɗa su. Macaulay yana nuna miki tsari: a zaɓi tudun dutse kusa da ruwa, a haƙa gwalalo, a tayar da katangar waje, a tayar da ta ciki wadda ta fi tsayi don maharban ciki su yi harbi ta saman kan na waje, a sa gadar da ake ɗagawa da ƙyauren da ake sakowa daga sama. Da yake zane ne, yana iya tsaga hasumiya gida biyu ya nuna miki cikinta hawa-hawa, abin da kyamara ba za ta iya ba. Ɗalibi zai tashi da taswirar wurin a kansa. Sai dai a zane dutse ba shi da nauyi. Katanga na tashi cikin daƙiƙa goma, yaro kuma ya ɗauka haka abin yake.

A Guédelon kuwa gani ya kori ji. Mafashin dutse yana duba jijiyar dutsen, ya huda ramuka a jere, ya kafa ƙarafa ya bi su da guduma ɗaya bayan ɗaya har dutsen ya buɗe. Masassaƙi ya ɗauki yanki ya yi kwanaki a kansa kafin ya zama dutsen baki na taga. Da yamma a kwashi kurfunan da suka dakushe a kai wa maƙeri ya gyara, in ba haka ba gobe babu aiki. Wannan kaɗai darasi ne: maƙera ita ce zuciyar wurin gini, in ta tsaya kowa ya tsaya. Babu siminti. Farin dutse ake ƙonawa a tanderu, a zuba masa ruwa ya tafasa ya narke, a kwaɓa da yashi. Wannan kwaɓin ba ya bushewa da wuri kuma sanyin ƙanƙara yana lalata shi, shi ya sa magina na wancan zamani suke dakatar da aiki in hunturu ya shigo, su rufe kan katanga da ciyawa da kashin dabbobi sai bazara. Katangar kanta ba tsantsar sassaƙaƙƙen dutse ba ce: fuska biyu ake jerawa, a cika tsakiya da tarkacen duwatsu da kwaɓi. Sannan ga abin da na san zai sa ajinki ya yi tsit, ƙaton gargaren katako da mutum ke shiga cikinsa yana takawa, igiya tana naɗewa, dutsen da ƙarti da yawa ba za su ɗaga ba yana hawa sama a hankali.

Akwai kuma igiyar awo mai ƙulli 13 da ake nuna wa baƙi a Guédelon. Tsakanin ƙulle-ƙullen akwai tazara 12 daidai wa daida. In aka naɗe ta aka yi alwatika mai gefe 3 da 4 da 5, kusurwa madaidaiciya ta fito ba tare da wani ƙarfen awo ba. Ki sa ɗalibai su ƙulla tasu su gwada a filin makaranta, malamin lissafi ma zai gode miki. Amma ki gaya musu masana tarihi suna ja-in-ja a kan ko magina na ƙarni na 13 sun yi amfani da ita da gaske, don ba a same ta a rubutun zamanin ba. Guédelon gwaji ne. Yana nuna cewa abu zai yiwu ta wannan hanya, ba ya tabbatar da cewa ta nan mutanen da suka bi.

Batun rayuwar yau da kullum ma BBC ce a gaba. Ruth Goodman ba ta zauna a zauren hakimi ba, bukkar lebura ta shiga, ta shimfiɗa ciyawar fadama a ƙasa, ta dafa faten hatsi da ganye a tukunyar ƙasa. Akwai kashi guda a kan adon ciki, inda ake haɗa fenti daga jar ƙasa da rawayar ƙasa ta wurin, ana kuma gasa tayil na yumɓu. Wannan kashin yana gyara wani kuskure da kusan kowa ke yi. Mun saba ganin kagara a matsayin baƙin dutse tsirara mai duhu, alhali kufai muke gani. A zamaninsu ana shafe su da farar ƙasa ciki da waje, ɗakunan manya kuma a zane su da launuka. A 1240 Sarki Henry na Uku ya ba da umarnin a shafe babbar hasumiyar Landan da fari, har yau kuma Farar Hasumiya ake ce mata. Macaulay yana ratsa zaure da madafa da rijiya da makewayin da ke zubarwa ta cikin katanga, amma ratsawa ce kawai.

To me ya sa na ce a fara da Macaulay? Saboda shi ne yake amsa tambayar da ɗalibi mai kaifin kai zai fara yi: don me aka gina wannan abu, kuma don tsoron wa? A Guédelon babu maƙiyi. Hakimin da ake gina wa kagarar ƙirƙirarre ne, ƙaramin mai sarauta, ba wanda zai kawo masa hari. Akwai kashi a kan tsaro, da baka mai kunama da rigar lifidi da majaujawar jifa da duwatsu, amma duk gwaji ne cikin raha. Mai kallo zai iya gama awa biyar ya ɗauka kagara wata kyakkyawar sana'ar hannu ce. A wurin Macaulay kuwa kagara makami ce ta mamaya. Ana gina ta tare da gari mai ganuwa a gindinta, a zuba Ingilishi 'yan kasuwa da masu sana'a a ciki, mutanen ƙasar kuma suna waje. Labarin ya kai ga hari da ƙawanya, wanda shi ma yana da tushe: a 1294 mutanen Wales sun yi bore ƙarƙashin Madog ap Llywelyn, suka ci Caernarfon da ba a gama ba, shi kansa Edward ya kwana cikin ƙawanya a Conwy a hunturun shekarar.

Nan ne za ki iya jawo abin da ɗalibanki suka sani. Ganuwar Kano, wadda tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ya fara a farkon ƙarni na 12, kusan sa'ar waɗannan gine-gine ce. Amma ganuwa gari take kewayewa, da talakawa da kasuwa har da gonaki. Kagarar Turai gidan mutum ɗaya ce da iyalinsa da dakarunsa, kuma sau da yawa waɗanda ake tsoro su ne mutanen da ke zaune a gindinta. Dakarun ma ba su da yawa: waɗanda aka ajiye a Harlech ba su kai 40 ba. In yara suka riƙe wannan bambancin, rabin darasin ya zauna.

Akwai abin da fina-finan biyu suka bari wanda ke za ki cike da bakinki, wato kuɗi da tilas. Guédelon zai ruɗi yaro a kan lokaci. An tsara shi a kan shekara 25, ya wuce haka, saboda ma'aikatan 'yan gommai ne, suna tsayawa su yi wa masu yawon buɗe ido bayani, ga dokokin kare lafiya na zamani da suka sa su saka takalmin ƙarfe da tabarau. Conwy kuwa, da hasumiyoyinta takwas da ganuwar garin, an tayar da su tsakanin 1283 da 1287, a kan kuɗi kusan fam 15,000 na lokacin. Sirrin ba wata dabara ba ce, yawan hannu ne. A bazarar 1286 mutum kusan 950 ne ke aiki a Harlech, daga cikinsu magina 227, mafasa dutse 115, maƙera 30. A wasiƙar da James na St George ya aika wa baitulmalin sarki a 1296 yana kukan kuɗi, ya lissafa cewa aikin Beaumaris ya buƙaci magina 400, lebura 2,000, mafasa dutse 200, da jiragen ruwa 30 masu jigilar dutse da gawayi. Yawancin waɗannan mutane daga gundumomin Ingila aka tattaro su da umarnin sarki, wasu ma da mahaya a bayansu don kada su gudu a hanya. An tashi garin Llanfaes gaba ɗaya don a samu wurin Beaumaris, an kuma ɗauke gidan ibadar Aberconwy, inda kabarin Llywelyn Babba, tsohon mai mulkin Wales, yake, don a gina Conwy. Duk da haka kuɗi suka ƙare, yaƙi ya koma Scotland, Beaumaris ba a taɓa gama ta ba. Macaulay daga ɓangaren Ingilishi yake ba da labarinsa, don haka ki tambayi ajin yadda mutumin Llanfaes zai ba da shi.

Ta fuskar aji kuma: duka biyun da Turanci suke. Na Macaulay tsohon fim ne, hotonsa ya ɗan dushe a majigi, amma maganarsa a hankali take kuma don yara aka yi shi, awa ɗaya kuma tana shiga darasi mai zango biyu. Na BBC hira ce ta Ingilishi da sauri, da barkwanci, da Faransawa masu Turanci da harshensu, sai kin kunna rubutun ƙasan allo. Sa'ar da aka yi, wuraren da suka fi amfani ba sa buƙatar fassara, ido ke aiki. Ki sauke su tun a gida kada intanet ko wuta su ba ki kunya. Kashi na farko shi ya fi tara abin da kike nema na dutse da kwaɓi da bukkar lebura, sai ki ƙara ɗan yanki daga kashin adon ciki. Minti 20 zuwa 25 sun isa. In kuma ɗalibanki na makarantar koyon sana'a ne, masu gini ko kafinta, to ki juya shawarar: a ba su Guédelon kashi biyar ɗin duka, a ƙara musu da cewa bayan gobarar majami'ar Notre-Dame ta Paris a watan Afrilun 2019, da aka yanke shawarar a sake rufin da katakon da aka sassaƙa da gatari kamar na asali, kafintocin da suka koyi aikin a Guédelon suna cikin waɗanda aka nema.