Daga Jidda: kayan keke da shirin doguwar tafiya, nan da gida

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da iyali da yaran shago. Ka yi tambaya a kan keken doguwar tafiya a nan Saudiyya, da irin kayan da ake samu, da kuma ko yana da kyau matasan da ke zuwa wurinka su aiko a saya musu daga nan. Kaya masu inganci kam suna nan, kowane iri. Abin da babu shi ne mai gyara a bakin hanya. A gida da wuya ka yi tafiyar awa ɗaya ba ka iske mai faci a ƙarƙashin bishiya ba. A nan kana iya bin kwalta tun safe har yamma ba ka ga wanda ya san yadda ake ɗaure sifok ba. Saboda haka mai shirin tafiya a nan dole ya zama bakaniken kansa, ya kuma sayi keken da zai iya kwancewa da hannunsa.

Wurin saye kashi uku ne. Akwai kekunan manyan kantuna, masu sheƙi, da sifirin gaba da baya, na 'yan ɗaruruwan riyal. Waɗannan na zagayen unguwa ne, kada wanda ya ɗora musu kaya. Akwai shagunan keke zalla a Jidda da Riyad masu sayar da irin su Trek da Giant, ga kuma Decathlon. A nan ake ba da rasit da garanti, kuma akwai harajin kashi 15 cikin ɗari a kan farashi. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 a kowace dala ɗaya, don haka idan ka ji keken ya yi tsada a naira, nairar ce ta motsa. Na uku su ne na hannu: manhajar Haraj da kasuwar gwanjo ta Sawarik a kudancin Jidda. A na hannu ake dacewa, amma iskar teku tana cin ƙarfe. Kafin a biya, a kwance ƙarfen sirdi a ga ko yana fita, domin idan tsatsa ta manne shi a cikin firam an shiga uku. A duba duk wurin da aka yi walda ko akwai tsaga siririya, a ɗaga keken a juya wili a ga ko yana layi.

Ga wanda zai kai keken gida, firam na ƙarfe ya fi na alminiyam, ko da ya ɗan fi nauyi, saboda kowane mai walda a Kano zai iya ɗinke shi idan ya tsage. Na alminiyam sai mai na'ura ta musamman, na kabon kuwa ba ya waldawa sam. A kuma tabbata firam ɗin yana da ramukan noti a gefen wilin baya da ƙarƙashin sirdi, inda ake ɗaura kariya. Kekunan tsere da yawa ba su da su.

Maganar taya ita ce na fi so ka karanta wa yara da kyau, don nan ake asarar kuɗi. Tayar kekenmu na gida, irin Raleigh da Phoenix, inci 28 ake ce mata, kuma faɗin rim ɗinta milimita 635 ne. Mafi yawan kekunan da ke shagunan nan 700C ne ko inci 29, rim ɗinsu milimita 622, kuma wasu kamfanonin suna rubuta 28 a jikinsu su ma. Ba sa shiga juna. Mutum zai sayi taya mai tsada a nan ya kai gida ta ƙi hawa rim. Lambar da ake dubawa ita ce ƙaramar da ke gefen tayar, kamar 40-622 ko 50-559: ta farko kaurin taya, ta biyu faɗin rim. 559 shi ne inci 26, 584 kuma inci 27.5. Ga kaya masu nauyi, kauri tsakanin milimita 37 zuwa 50 ya isa. Schwalbe Marathon tana da wata roba mai kauri a ƙarƙashin bayanta da ke tare ƙaya, kuma ta cancanci kuɗinta.

Bawul ma haka. Kekuna masu tsada suna zuwa da siririn bawul, wanda famfon gidan mai ba ya kama shi. Kusan kowane babban gidan mai a kan hanya yana da banshar, shagon facin tayar mota, kuma iskarsa ta bawul irin na mota ce. Ko dai a zaɓi rim mai ɗaukar bawul ɗin mota, ko a sayi ɗan ƙaramin mahaɗi na tagulla a bar shi ɗaure a kai. Idan mai banshar zai sa maka iska, tsaya a kansa, injinsa na tirela ne, cikin daƙiƙa kaɗan zai fasa tif. Taya mai kaurin milimita 40 da kaya a baya tana son awo 50 zuwa 60 a ma'aunin PSI, kuma kada a cika ta har iyakar lambar da ke jikinta da asuba, don kwaltar azahar tana ƙara mata ƙarfi.

Abin da ke huda taya a nan ya sha bamban da na gida. A gida ƙusa ce da ƙaya da ramin da ke matse tif a jikin rim. A nan titi sumul yake, amma gefen kwalta cike yake da gutsattsarin tayoyin tirela da suka fashe, kuma a cikinsu akwai 'yan wayoyin ƙarfe sirara kamar gashi. Wayar takan shige ta tsaya a cikin taya, ba a ganinta. Mutum ya yi faci, ya mayar da tif, bayan kilomita biyar iska ta sake sauka. Maganinsa a juya tayar a bi cikinta da ɗan tsumma a hankali. Inda tsumman ya maƙale, nan wayar take, sai a zare ta da matsefata. A riƙe tif biyu sababbi, da faci irin na sholisho. Facin da ke zuwa da gam a jikinsa yana sakin jiki idan ya sha zafi, kuma sholishon da aka taɓa buɗewa yakan bushe a jaka, don haka a tafi da sabo wanda ba a huda ba.

Giya kuwa, masu shago za su nuna maka mai hawa 12 a baya, su ce ita ce ta zamani. Gaskiya ne, amma kacarta siririya ce, mai tsada, kuma da ka bar manyan birane ba ka samunta, balle a Sabon Gari. Shimano mai faranti uku a gaba da hawa 8 ko 9 a baya ita ce ta tafiya: ƙaramin faranti mai haƙora 22 ko 24 a gaba, babba mai 32 ko 34 a baya, shi zai hau da kai tudu da kaya. A riƙe mahaɗin kaca guda biyu daidai da hawan giyar, da abin yanke kaca, da ɗan ƙarfen nan da giyar baya ke rataye a jikinsa, domin shi ke fara lanƙwashewa idan keke ya faɗi, kuma kowane firam da irin nasa. Baƙin man inji da muke shafa wa kaca a gida ba ya yi a nan. Yashi yana manne masa ya zama tamkar dutsen wasa wuƙa. Akwai mai na musamman da ke bushewa bayan an ɗiga. A ɗiga da dare, a goge da tsumma da safe.

Birki mai aiki da mai yana kamawa sosai, amma idan ya yi yoyo a daji shi ke nan. Mai waya, ko na faranti ko na roba, kowa zai iya gyara shi da alanki da filaya. Wanda zai gangaro daga Ɗa'if ta Hada, daga tsayin da ya kusa mita 2,000, kada ya riƙe birki ci gaba ɗaya; rim yana zafi har tif ya fashe. A kama a saki, gaba da baya, a tsaya a taɓa rim lokaci lokaci.

Wilin baya ya zama mai sifok 36. A nan ne nake kewar hannun gida ƙwarai: miƙar da wili, da yaronka zai yi kafin shayi ya huce, a shagon nan sai an ba ka rana, kuma sau da yawa shawararsu ita ce ka sayi sabo. Sifok ɗin ɓangaren kaca ne ke karyewa, kuma ba ya sauyuwa sai an cire giyar baya, saboda haka a koyi wannan aiki tun a gida, a tafi da sifok huɗu ɗaure a jikin firam. Kariya mai ɗaukar kilo 25 ta wadatar, a raba kayan jaka biyu daidai, masu nauyi a ƙasa. Notocinta suna kwancewa da jijjiga, a bi su da alanki kowace safiya.

Sai hanya. Daga Jidda zuwa Madina kusan kilomita 420 ne, wajen nisan Kano zuwa Abuja. Ta bakin teku ana bi ta Suwal da Rabig, sannan a karkata ta Badar a hau zuwa Madina, wadda ke kan tsayin kusan mita 600. Mai kaya da ya saba yana yin kilomita 70 zuwa 90 a rana, kwana biyar ko shida ke nan. Iskar Bahar Maliya galibi daga arewa take busowa, wato mai barin Jidda yana fuskantarta, kuma tana ƙaruwa da rana. A tashi da an idar da sallar asuba. Lokacin tafiyar Nuwamba zuwa Fabrairu ne. Da zafi kada a gwada. Hukuma da kanta tana hana aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Da azumi gidajen abinci a rufe suke da rana, da aikin Hajji kuma ba a shiga Makka sai da izini.

A gida abin tsoro a wasu hanyoyin 'yan bindiga ne. A nan gudu ne. Manyan tituna kilomita 120 ake yi a awa, wasu har 140, kuma iskar tirela tana jan keke zuwa cikin titi bayan ta wuce. Hular kwano, madubi, riga mai ƙyalli, da jar fitila mai walƙiya ko da rana, babu wanda za a bari a cikinsu. Inda akwai tsohuwar hanya a bi ta, idan jami'an tsaron hanya suka ce a sauka daga babban titi a sauka. Iƙama, wato katin izinin zama, ta kasance a aljihu don shingayen bincike da kama ɗaki, inshorar lafiya tana aiki, mai gidan aiki ya san da hutun. Motar asibiti 997 ce, tsaron hanya 911 a yankunan Makka da Madina, har da Jidda, 996 kuma a wasu yankunan.

Ruwa shi ne babban nauyi. A gida kowane ƙauye akwai fiyawata. A nan daga gidan mai sai gidan mai, kuma wanda taswirar waya ta nuna yana iya kasancewa a rufe. A lissafa lita ɗaya a kowace awa ta tuƙi, a ɗauki lita shida zuwa takwas, a cike a duk inda aka samu ko da ba a sha rabi ba. Masallatai da yawa suna da injin ruwan sanyi na sadaka. Ruwa kaɗai ba ya mayar da gishirin da gumi ya fitar: a lita ɗaya a zuba sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali. Jiƙaƙƙiyar safa a jikin gora tana sanyaya ruwa a cikin ƙasa inda iska take a bushe, a bakin teku kuwa laima ba ta barinta ta yi aiki sosai. Idan abokin tafiya ya fara magana ba kan gado, ko jiri ya kama shi, a kai shi inuwa a jiƙa shi a kira 997 nan take. Abinci ba matsala ba ne: dabino, laban (nono), tamis da ful (gurasa da wake), gwangwanin kifi, duk suna baƙalar gidan mai, wato kantinsa.

Wurin kwana, babu zauren mai unguwa da za a sauke baƙo. A garuruwa akwai ɗakunan haya na kwana ɗaya, masallatai kuwa da yawa ana kulle su bayan isha'i. Mai tanti ya nemi tudu, nesa da titi, kada ya kafa a busasshen kwari komai laushin yashinsa; ruwan da aka yi a kan duwatsu yana isowa cikin dare ba tare da ɗigo ya sauka a inda kake ba, kuma lokacin ruwan nan shi ne lokacin tafiyar. Ambaliyar Jidda ta Nuwamba 2009 ta ci rayuka fiye da ɗari. A kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama.

Idan yaran sun nace sai an aiko musu, shawarata su bar firam, su nemi na ƙarfe a cikin na gwanjo a gida, a aiko da abin da jabunsa ya yi yawa a kasuwarmu: taya, kaca, giyar baya, robar birki, fitila da jakunkunan da ruwa ba ya shiga. Wanda zai ɗauki keke sukutum a jirgi ya roƙi kwali a shagon keke, ya tambayi kamfanin jirgin awo da kuɗin tun kafin ranar tashi, ya rage iskar taya, ya juya kan keken, ya cire feda. Fedar hagu zarenta a juye yake, zuwa dama ake murɗa ta kafin ta kwance. Keke mai batir kuwa jiragen fasinja ba sa karɓar batirinsa. Ka aiko min da lambar da ke gefen tayoyin da suke hawa yanzu kafin in sayi komai. A gaida Inna.