Gargaɗi ga masu manyan motoci game da jabun maganin wanke lagireto

Ina jan hankalin direbobi da masu tifa da tirela, musamman waɗanda suka saba wanke lagireto da kansu a ƙofar gida, game da wasu mutane da ke zagaya wuraren da manyan motoci ke yada zango, irin su Tafa da Mararrabar Jos, suna tallar wani koren ruwa a galan da sunan maganin wanke inji na ƙasar waje.

Dabararsu ita ce su jefa ƙusa mai tsatsa a cikin kofin ruwan, jim kaɗan su tsamo ta fes a gaban jama'a. Abin da ke cikin galan ɗin asid ne da aka sirka aka ɗiga masa kala, wasu kuma sodar yin sabulu suke jiƙawa. Asid yana cin ƙarfe da dalma, soda kuwa tana cin alminiyam, kuma da shi ake ƙera lagireton motocin zamani da yawa.

Ƙanena ya saya ya zuba wa tifarsa, ya bar shi ya kwana a ciki kamar yadda mai tallar ya umarce shi. Ba a yi mako biyu ba lagireton ya fara tsiyaya, famfon ruwa ya bi sahu, daga ƙarshe da ya zaro sandar awon baƙin mai sai ya ga man ya koma kamar koko, alamar ruwa ya shiga cikinsa. Sai da aka sauke injin. Lambar wayar da ke jikin galan ɗin kuwa har yau ba ta shiga.

Wankin gida ba ya buƙatar wannan kasada. A bari inji ya huce sarai kafin a taɓa murfin lagireto, a tsiyaye tsohon ruwan, a cika da ruwa mai tsabta, a tayar da mota har ta ɗauki zafinta, sannan a sake tsiyayewa bayan ta huce, a maimaita har ruwan ya fito garau. Daga nan a zuba ruwan sanyaya inji na manyan motocin dizal daga dillalin da aka san shagonsa, domin yana ɗauke da sinadarin da ke kare silindar inji daga hujewa. Tsohon ruwan guba ne mai zaƙi, kada a bar shi inda yara ko awaki za su kai gare shi.

Wanda ya riga ya sayi galan ɗin ya ɗiga kaɗan a kan kanwa da kuma gutsuren tsohuwar tukunyar alminiyam, a waje, fuskarsa nesa. Idan ɗaya daga cikinsu ya yi kumfa, kada ruwan ya shiga motarsa.